Yadda Ake Tare Ruwan Sama a Faƙo: Aikin Tassa da Rabin Wata Daki-daki

Tun da mutane suka ga geron da ya fito a faƙon gonarmu ta gado, wurin da shekara da shekaru ko tsidau ba ya yarda ya tsiro, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya tare ni a bakin masallaci, wani ya kira a waya: rami nawa, zurfinsa fa, wane irin taki, nawa za a kashe? Na gaji da zana wa mutane a ƙasa da tsinke, shi ya sa na zauna na jera abin a rubuce.

Ruwan da ake yi mana a ƙasar Sakkwato, milimita 600 zuwa 700 a shekara, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, ya ishi gero da dawa. Zama ne ba ya yi. Milimita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ke nan idan aka yi ruwa mai milimita 20 a kan fili mai mita 20 da 25, an zuba maka lita 10,000, wato jarka 400 mai cin lita 25. A faƙo, kafin hadari ya gama wucewa mafi yawansa ya gangara kwari, ya kwashe ɗan takin da ka watsa ya kai wa mai fadama kyauta. Duk aikin da zan faɗa dabara ce ta sa ruwan nan ya tsaya ya nutse a inda ya sauka. Ƙananan ramukan da ake haƙawa don wannan aiki, manoman ƙasar Tawa a Nijar suna kiransu tassa, a Burkina Faso kuma "zai" ake ce musu, kuma marigayi Yakuba Sawadogo, wani manomin Burkina, shi ne ya fito da sunansu a duniya.

1. Ka tabbata gonarka ta tassa ce

Ba kowace ƙasa ke son rami ba. Tassa maganin faƙo ce da jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda samanta ya yi ɓawo kamar an yi daɓe. Jigawa mai rairayi zalla da ma tana shan ruwa, kuma duk ramin da ka haƙa iska za ta cike shi kafin Mayu. Lakar fadama kuwa, ramin zai riƙe ruwa kwana da kwanaki har gero ya ruɓe.

Sami babban gwangwanin tumatir, ka cire gindinsa, ka kafa shi cikin ƙasa kamar yatsa biyu, ka toshe gefensa da laka, ka cika da ruwa. In ruwan ya ɓace kafin ka gama gaisawa da maƙwabci, jigawa ce. Ka tsaya a matakai na 3, 4, 5 da 11, ka bar maganar rami. In kuwa a tudu kake, ka yi rabin awa kana kallo ruwan bai ko motsa ba, to da kai nake.

Kada ka ce za ka juye gona duka a shekarar farko. Ware mita 20 da 25 a wurin da ya fi mutuwa. Kashi ɗaya ne cikin 20 na hekta, kuma a kansa zan yi duk lissafina.

2. Kayan aiki da lissafi

Kana buƙatar diga, shebur, fartanya, baro, doguwar igiya, turaku, sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsayin mutum, da tiyo gani-har-hanji mai mita 12, irin wanda magina ke auna lebur da shi. Diga ita ce uwar aikin. Kai ta wurin maƙeri ya wasa bakin tun kafin ka fara, don faƙo yana cin baƙin ƙarfe.

Kuɗin wuri uku suke tafiya: ƙwadago, taki, da dako. Farashi kullum tashi yake, don haka adadi zan ba ka, kai ka ninka da kuɗin garinku. Filin nan namu zai ci rami kimanin 780. Takinsa kilo 240 ne, kamar baro 7. Haƙar za ta ɗauki mutum ɗaya kwana 4 zuwa 5 in aikin safe kaɗai yake yi. Hekta guda kuwa tana cin awa 300 ko fiye, kusan wata biyu ke nan ga mai aikin awa 5 a yini, ga taki tan 3 zuwa 5. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da na ce a fara da kaɗan.

Hattara da jinga. In ka yi ciniki da 'yan ƙwadago a kan yawan rami kawai, za ka dawo ka tarar da ramuka kamar na dara. Yanki sanda mai tsawon taƙi ɗaya ka ba su, ka ce duk ramin da bai haɗiye ta ba, ba ya cikin lissafi.

3. Taki: shi ake farawa, ba rami ba

Ramin da babu taki cikinsa zai tara ruwa, amma geron ba zai wuce gwiwa ba. Takin kuma yana son wata biyu zuwa uku kafin ya nuna, saboda haka kada ka wuce Disamba ko Janairu ba ka haɗa shi ba, lokacin da kara da ƙaiƙayi suke banza a ko'ina.

Haƙa rami a inuwa, gindin dogon yaro ya fi, tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi rabin mita. Haƙa wani irinsa a gefensa ka bar shi fanko, na juyawa ne. A na farkon, shimfiɗa busasshen abu kaurin taƙi ɗaya: kara da aka sassara gajeru da adda, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, sharar ganye. A kansa zuba kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu, na awaki ne ko na tumaki ko na shanu, na kaji ma in da shi. Barbaɗa toka sama-sama, kamar mai sa gishiri, ba mai zuba gari ba. Jiƙa da ruwa. Sake maimaitawa har ramin ya cika ya yi tozo, sannan ka rufe da tsohuwar zana ko buhuna, ka soka sanda a tsakiya har ƙasa.

Sandar nan ita ce likitanka. Bayan kwana 3 ko 4 zaro ta ka taɓa. In da zafi da damshi, aiki na tafiya. In ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, ƙishirwa yake ji, ƙara ruwa. In ta fito sharkaf tana wari, ruwa ya yi yawa, buɗe shi ka ƙara kara. Awon damshi kuma a hannu yake: damƙi takin ka matse, ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu.

Na san tambayar da ke bakinka: a ina za a samu ruwan jiƙa taki da rani, alhali na sha ma sai an saya? Daga makwarara. Ruwan alwala, na wanke-wanke, na wankin shinkafa, da tsari in awaki sun rage, duk a tara a tsohuwar roba maimakon a bar su su bi kwata su tara sauro a ƙofar gida. Banda ruwan da aka zuba wa bilic, banda mai kumfar omo da yawa. Don haka ramin takin ya fi kyau a bayan gida, ba a gona ba.

Duk mako biyu kwashe shi ka juye cikin ramin da ke gefe, na sama ya koma ƙasa, ka yayyafa ruwa. In ka juya sau huɗu ko biyar za ka ga ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari. Ya nuna.

Masu ɗebo bola daga cikin birni, ku tace ta da rariya ko wayar kaji. Takin bola yana aiki, amma cike yake da leda, fasassun kwalabe, tsofaffin batir da allurai. Ledar da ka binne bana jikanka zai tono ta. Ku sa takalmi, ku rufe hannu, kuma kada a sa yara wannan aikin. Ƙudujin da ya riga ya yi fure kuma kada ya shiga ramin taki ko kusa. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura, suna shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Wuta ce maganinsa.

Wani abu kuma da maza ke mantawa: awakin nan yawanci na matan gida ne, takinsu ma nasu ne. Ka yi ciniki da su tun farko, ko da kuɗi ko da damin gero in kaka ta yi. In ba haka ba, ranar da ka zo kwasa za ka tarar an sayar wa mai albasa.

4. Nemo inda ruwa ke bi

Ido yana ƙarya a kan gangare. Fili zai yi maka kama da faifai, amma ruwa ya san hanyarsa. In ka taɓa tsayawa a gonar ana ruwa, ka riga ka sani. In ba ka taɓa ba, dubi inda tsinkaye da kashin awaki suka jeru bayan damina, da ƙananan hanyoyin da ruwa ya zaizaye.

Sannan ɗauko tiyo. Ɗaure kowane baki a jikin sanda ɗaya, ka cika da ruwa, ka karkaɗe kumfar iska duka ta fita. Tsayar da sandunan biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya, ka yi musu alama daidai inda ruwan ya tsaya. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa a bakin gona ta sama, ɗayan ya yi nisan mita 10 a gicciye, yana matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya dawo kan alama a sandunan biyu. Nan ƙafafunku suke daidai. A kafa turke, na farko ya wuce gaba, a sake. In kun gama za ka ga turakun sun yi layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Kada ka ce za ka miƙar da shi don ya yi kyau a ido; lanƙwasar ita ce gaskiyar ƙasar.

Da wannan tiyon za ka san ƙarfin gangaren. Ɗaya ya tsaya sama, ɗaya ƙasa, tsakaninku mita 10, ku auna bambancin tsayin ruwan a sandunan biyu. In bai wuce santimita 30 ba, tassa da rabin wata (kunya mai siffar rabin da'ira, tana mataki na 7) za su zauna lafiya. In ya kai 50, kada ka haƙa kome sai ka jera duwatsu.

Da sassafe ake wannan awo. In rana ta take, tiyo yana saki, ruwan ya sauka daga kan alama, layinka ya karkace ba ka sani ba.

5. Daga sama ake farawa, kuma da maƙwabta

Ruwan da ke kashe gonarka ba a gonarka ya faro ba. Daga ta wanda ke sama da kai ya taho, ya tara ƙarfi. Shi ya sa aikin nan ya fi kyau in masu gonakin gangare ɗaya sun haɗa kai, a faro daga tudu a sauko, yau gonar wannan gobe ta wancan, irin gayyar da iyayenmu suka saba. Fura da goro sun fi kuɗin ƙwadago sauƙi.

A kan layin turakun nan, tona 'yar hanya zurfin yatsa huɗu zuwa biyar, ka zaunar da manyan duwatsu a ciki, ka cusa ƙanana a tsakaninsu ta ɓangaren tudu. Tsayin jerin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Tsakanin jeri da jeri mita 20 in gangaren da ƙarfi, har zuwa 50 in mai sauƙi ne. Ba katanga kake gini ba. So ake ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaya ta ƙofofin. Inda babu dutse, a jera kara da ƙaya a danne da turaku, in damina ta kama a dasa gamba a layin. Gamba riba biyu ce, ga tare ƙasa ga zana.

Kada ka toshe ruwa ka karkata shi gonar wani, ko kan hanya, ko cikin burtali. Faɗan da ake kai wa gaban mai gari a watan Agusta, da yawa daga nan yake tashi. In na sama da kai ya ƙi aikin, kai ka ninka jerin duwatsu a kan iyakarku.

6. Haƙar tassa

Lokacinta daga bayan girbi ne zuwa Afrilu. Nuwamba da Disamba sun fi, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, ga sanyi. Wanda ya bari sai bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, daga asuba zuwa hantsi kaɗai zai iya.

Ja igiya a kan layin da ka auna. Kowane rami faɗinsa santimita 25 zuwa 30, taƙi ɗaya da rabi ke nan, zurfinsa 15 zuwa 20, taƙi ɗaya. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi santimita 80, taku ɗaya na babban mutum. Layi na biyu kada ramukansa su zo daidai bayan na farko. Su faɗo a tsakani, yadda duk rami uku za su zauna kamar duwatsun murhu. Da haka ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa na uku.

Ƙasar da ka kwaso, tara ta a bakin ramin ta ɓangaren gangare, ka lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, ka ɗan daddanna da bayan shebur. Ɓangaren tudu a bar shi a buɗe, nan ce ƙofar ruwa.

A nan na sha kunya shekarata ta farko. Ban yi awon tiyo ba, na ce ai na san gonar ubana. Rami fiye da 300 na haƙa, na tara ƙasar duk ta gabas don a ganina can ne gangare. Ruwan fari da ya sauka na fita da gudu, ina zuwa na tarar ruwa yana kewaye ramukan yana wucewa abinsa, cikinsu ɗan abin da ya ɗiga daga sama ne kawai. Ƙanen mahaifina yana tsaye da malfarsa, bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya zunguri tudun ƙasa ɗaya da sandarsa ya ce, "Ɗana, kai da kanka kar rufe ma ruwa ƙofa, kuma kana hwaɗin ba su shigo ba?" Na ce, "Baffa, kuskure ne." Kwana biyu na yi da fartanya ina mayar da ƙasa yamma.

Tsakanin ramuka kada ka taɓa, kada ka yi kaftu, kada ka sa garma. Taurin nan da kake ƙi shi ne rufin kwanon da ke zubo wa ramin ruwa.

7. Rabin wata, inda faƙon ya yi faɗi

In filin babba ne kuma ruwa na gudu sosai, ko kana son ciyawar dabbobi da itatuwa tare da hatsi, rabin wata ya fi. Kafa turke a kan layi, ɗaura igiya mai mita 2, ka zana rabin da'ira, bakinta na kallon tudu, bayanta na kallon gangare. Faɗin bakin mita 4 ke nan. Kankare ƙasar sama ka ajiye gefe, fasa cikin da diga zurfin taƙi ɗaya, kwashe ka gina kunya a bayan da'irar mai tsayin kamar taƙi biyu, sannan ka mayar da ƙasar saman ciki ka gauraya da taki baro ɗaya. Bar mita 4 tsakaninsa da na gefensa, mita 4 kuma tsakanin layi da layi, su ma a zaman murhu. Hekta tana ɗaukar 313. Ƙato yana yin biyu zuwa uku a yini. Cikin kowanne za ka shuka rami 15 zuwa 20.

Kunnuwan nan biyu na rabin watan dole su zama daidai da juna, ka auna da tiyo. In ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ta nan ruwa zai zube ya yanka kunyar. Kuma a tattake kunyar da ƙafa sosai, in da duwatsu a jera a kunnuwan. Guda ɗaya in ya ɓalle a sama, ruwansa na ƙasa da shi zai faɗa wa, shi ma ya ɓalle, haka har gindin gona.

8. Zuba taki

Bar ramukan a buɗe iskar hunturu ta zuba musu ganye da ƙura, alheri ne. A Afrilu ko farkon Mayu zuba wa kowane rami taki cikin tafi biyu, kimanin giram 300, ka rufe da ƙasa kaurin yatsa ɗaya ko biyu don kada rana ta ƙone shi, iska ta kwashe. Kada ramin ya cika, a bar wa ruwa wurin zama.

Za ka ga gara ta shigo. Kada ka sa mata magani. Takin take bi, tana huda faƙon ta ƙasa, kuma ta waɗannan hanyoyin nata ruwa zai nutse inda digarka ba ta kai ba. A wannan aikin gara leburar da ba a biya ce.

Ɗanyen kashi kada ya shiga rami dab da shuka, musamman na kaji. Zafinsa zai ƙone tsiron tun yana allura. In ɗanyen kaɗai gare ka, zuba shi tun Fabrairu ko Maris ya huce a ciki.

9. Shuka

Ni ba na bizne a tassa, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Yayyafi kaɗan ramin zai tara, iri ya tsiro, sannan a yi kwana 15 ba ruwa ya mutu. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da bango da itace. In aka yi ruwa, sa rula. Ya kai santimita 2, wato milimita 20, to fita da iri washegari. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara yana taimakawa wajen sanin makon da za a sa ido.

Zuba ƙwaya kaɗan a kowane rami, ba a tsakiyar gindin ba, a ɗan gefe, don kada ruwan da ya kwanta ya shaƙe ta. Gero mai saurin nuna irin SOSAT ya dace; inda ramin ke daɗe da ruwa, dawa ta fi haƙuri. Mai hali ya ƙara takin zamani kaɗan: NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, a kowane rami, a gefe, kada ya taɓa irin. Filinmu bai kai ya ci kilo 5 ba. Bayan mako biyu zuwa uku a cire a bar uku masu ƙarfi. In gero ya miƙe, ka sa wake a wasu ramukan ko a gefen kunya. Yana rufe ƙasa, yana ƙara mata ƙarfi, ga harawa.

10. Cikin damina

Duk ruwa mai ƙarfi, zagaya gonar da fartanya washegari. Gyara kunyar da ta zube, kwashe yashin da ya cike rami, mayar da dutsen da ya gangara. Noma a cikin rami da bakinsa kawai, ciyawar da ka cire kuma kwantar da ita nan gindin geron. Ƙuduji a tuge shi kafin ya yi fure.

11. Bayan girbi: kara, dabbobi da kututture

Nan ne mutane ke rushe abin da suka gina. A yanke gero, a kwashe kara tas a sayar, a share saura a cinna wuta, a bar ƙasa tsirara wata bakwai tana shan rana da iska. Na san kara kuɗi ne, ga darni ga abincin dabba ga makamashi, ba zan ce ka bar shi duka ba. Ɗauki na sama, ka bar gindin a tsaye, ka kwantar da kashi ɗaya cikin uku a kan ramukan, ka danne da ƙasa ko rassan sabara. Wuta dai kada ta shiga.

Dabbobi za su shigo, wannan ba makawa. Gara a zauna tun kafin kaka, da mai gari da ardo da masu gonaki, a tsayar da ranar sakin dabbobi da wuraren da aka keɓe. In akwai yarda tsakaninku, tsohuwar al'adar nan ta shanu su kwana a gona a biya makiyayi da hatsi har yanzu babu takin da ya fi ta arha. Sai dai a ɗaure su a gefen da ba a haƙa ba, don kofato yana rushe kunya.

Sai kututture. Sabara, kalgo, magarya da gawo da kake sarewa duk shekara wajen sassabe, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Mutanen Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma abin da suke kira sassabin zamani: a kowane kututture zaɓi tofo biyu zuwa biyar mafi miƙewa, sare sauran, ka sassabe rassan ƙasa har rabin tsayinsu. Da wuƙa ko adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ɗaura jan ƙyalle a jiki, masu neman itace su san da mai shi. Gawo ka fi lallaɓawa, shi da ke zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ga taki a gindinsa. Za ka ma ga 'ya'yan gawo da bagaruwa suna tsirowa da kansu cikin tassa, daga kashin awakin da ka zuba. Kada ka nome su duka. Bar ɗaya duk bayan taku 15 ko 20, ka kewaye shi da ƙaya.

12. Shekara ta biyu

Ramukan bara ba a sake su. Da rani kwashe ƙasar da ta cike su, ka tuge tsohon gindin gero, ka gyara jinjirin watan. Takin da ka zuba yana kai shekara biyu yana aiki, amma in kana da shi ƙara tafi ɗaya. Ƙarfinka na bana ka kai shi sabon fili mai mita 20 da 25, a gefen na farko ko sama da shi. A shekara ta uku ko ta huɗu sai ka haƙa sababbin ramuka a tsakanin tsofaffin. A lokacin za ka ji diga tana shiga ba gardama.

Tun shekarar farko, bar ɗan yanki a gefe mai faɗin taku biyar wanda ba ka yi wa kome ba, ka shuka shi rana ɗaya da iri ɗaya. In kaka ta yi, ɗaure damman kowanne daban, ka sussuka daban, ka auna da kwano ɗaya, ka rubuta a takarda tare da kwanakin aikin da barorin takin da suka shiga. Da wannan takardar za ka yanke ko fili nawa za ka ƙara baɗi, kuma ita za ka nuna wa maƙwabcinka na sama in ka je neman ya jera duwatsu a tasa gonar.